Digiri na uku a injiniyanci: makanikal ko ilektirikal?

Ɗan_Dawanau: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar manya nake nema. Digirina na farko makanikal ne da sakamakon 2:1, mastas kuma a fannin makamashi, binciken a kan famfon ban ruwa mai aiki da sola. Yanzu maganar digiri na uku ta taso. Wasu sun ce in zauna a makanikal tunda nan tushena yake, wasu sun ce in tsallaka ilektirikal don can kuɗin bincike da guraben aiki suka koma. Abu biyu nake so: in samu tallafin karatu, in kuma gama in samu aikin da zai riƙe ni, koyarwa ko kamfani. Don Allah wanda ya san harkar ya warware mini dalla-dalla.

Bazazzagi_330kV: Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga sashe, ka raba burin nan naka biyu, don ba hanya ɗaya suke bi ba. Idan koyarwa a jami'a ce, digiri na uku dole ne, akwai matakin da ba ka wuce shi sai da shi. Idan kamfani ne a nan gida, ka ɗauko tallan ɗaukar ma'aikata na masana'antun siminti, ko kamfanonin raba wuta, ko matatar mai, ka karanta. Abin da suke nema: digiri na farko, shaidar hidimar ƙasa, shekarun gogewa, wani lokaci rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista. Da wuya ka ga an ce sai dakta. Shirin ɗaukar sababbin injiniyoyi kuma yakan zo da iyakar shekaru, sau da yawa 26 zuwa 28. Wanda ya shiga digiri na uku yana da 28 ya fito yana da 33, wannan ƙofa ta rufe masa, kuma ba shi da gogewar da za a ɗauke shi a babban muƙami. Lissafin nan ya hau kan sassan biyu. Amma in ka ce lallai in zaɓa, ilektirikal zan ce.

Mai_Sifana: To ai mun san za ka ce ilektirikal, sunanka ma ya faɗa. Kawo dalili, Injiniya.

Bazazzagi_330kV: Dalili a fili yake. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu da kafa hukumomin sa ido nasu. Kowace jihar da ta shiga tana buƙatar masu iya nazarin gudun wuta a layi, lissafin asara, tsara kariya da saitin rile (na'urar da ke katse wuta in an samu matsala a layi), da haɗa tashoshin sola da layin 33kV. Ga ƙananan tashoshin karkara da REA, hukumar samar da wuta a karkara, ke tallafa wa. Ga tashar sola ta megawat 7.1 da aka ƙaddamar a BUK a 2019. Ku tuna Oktoban 2024, da aka lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya hanyar ta Ugwuaji zuwa Apir ita ma ta faɗi, yawancin Arewa ta shafe kwanaki a duhu. Yanki guda yana rataye a kan layukan 330kV 'yan kaɗan. Matsala ce ta tsarin lantarki tsantsa, kuma akwai digiri na uku da yawa a cikinta: ina ya kamata a dasa tashoshi a Arewa, yaya za a raba yanki ya tsaya da ƙafarsa idan babban layi ya faɗi, yaya firikwansi zai zauna tsakanin 49.75 da 50.25 idan inbatoci, masu juya wutar sola ta zama irin ta layi, suka yi yawa, manyan janaretoci masu nauyin juyi suka ragu.

Mai_Sifana: Ban da sola, duk wutar da ka lissafa, wani abu ne ke juyawa kafin ta fito. Kainji megawat 760, Shiroro 600, Zungeru 700, duk tarbain ne na ruwa. Tashoshin gas na Kudu, waɗanda su ne ke ba da kaso mafi tsoka na wutar ƙasa, tarbain ne na gas. Ana auna ƙarfin tarbain ɗin gas a zafin iska na digiri 15, kuma da zarar zafi ya hau, iska ta yi sako-sako, kwamfaresa ya sha wahala, ƙarfin ya faɗi. Wa zai yi aikin sanyaya iskar da ke shiga? Ɗan makanikal. Matatar Dangote ganga 650,000 a rana, cike take da famfuna, kwamfaresoci da tukwanen tururi. Bututun gas na AKK, wato Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614 ne. Siminti a Obajana, Sakkwato da Ashaka: murhu mai juyawa, injin niƙa, giyabos, boris. Injin da ya tsaya a irin waɗannan wurare asarar miliyoyi ce kowace awa, shi ya sa mai iya karanta jijjigar inji ya ce boris ne ya fara ci, ko shaf ya goce, ko fanka ta rasa daidaito, ba ya rasa aiki.

Dakta_TudunWada: Malam Mai_Sifana, gaskiya ka faɗa, sai dai aikin da ka kwatanta satifiket ɗin nazarin jijjiga na ISO 18436 yake so, mataki na biyu ko na uku, da sanin ƙa'idojin API 610 da 617 na famfuna da kwamfaresoci. Ana samun wannan ta gajeren horo da gogewar aiki, ba a buƙatar shekara huɗu a ɗakin bincike. Haka maganar Bazazzagi: mai saitin rile a tashar 132kV horon aiki yake buƙata irin na NAPTIN, cibiyar horar da ma'aikatan lantarki, da hannu a manhajar ETAP.

Ɗan_Dawanau, ga abin da ba a faɗa maka ba game da tsallakawa idan a gida za ka yi aiki. Jami'o'inmu suna duba layin karatunka tun daga tushe. Sashen ilektirikal zai buɗe fayil ya ga digiri na farko makanikal, sai a fara tambayar wa zai ba ka kwas ɗin da'irar lantarki ko na injunan lantarki ka koyar a aji biyu da uku. Sashen makanikal kuma ya ga digiri na uku ilektirikal, ya ce ka bar su. Sai ka zama ba ka ga tsuntsu ba ka ga tarko. COREN ma da digiri na farko take yi maka rajista, bayan shekara huɗu na gogewa, dakta ba ta sauya fannin da aka rubuta maka. Sassan da ke karɓar irin wannan gauraye hannu bibbiyu su ne mekatironiks da cibiyoyin makamashi, irin cibiyar binciken makamashi ta Sakkwato da ke jami'ar Usmanu Danfodiyo. Amma guraben can ba su kai na manyan sassan yawa ba.

Sadauki_92: Ni dai a ganina duk ku bar wannan. Ya koyi AI kawai, duniya can ta tafi.

Injiniya_Ummi: Sadauki, AI a kan me? Mai binciken lalacewar boris da koyon na'ura sai ya san firikwansin da kowace irin lalacewa ke fitarwa, in ba haka ba kwamfuta za ta koyi hayaniyar sensa ta ce ta gano cuta. Python kam dole ne ga kowa yanzu, a kowane sashe. Amma kayan aiki ne.

Ɗan_Dawanau, ƙanina, ka koma kan famfonka, amsar tana ciki. A ce ana son ruwa kubik mita 10 a awa daga zurfin mita 40. Ƙarfin da ruwan kansa ke buƙata: 1000 sau 9.81 sau 10 bisa 3600 sau 40, kimanin wat 1,090. Idan ingancin famfon kashi 60 ne, na moto kashi 80, daga waya kana buƙatar kusan wat 2,270. Fanel ɗin sola kuma a digiri 25 aka auna shi, kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana rasa kimanin kashi 0.35 cikin ɗari. Fuskar fanel a watan Afrilu tana iya kai digiri 65, ka ga kashi 14 ya tafi tun ba a yi maganar ƙurar hunturu ba. Da rana ta yi sanyi, inbata zai rage firikwansi don kada moto ya tsaya. Tsayin da famfo ke iya tura ruwa yana bin gudun juyi ne sau kansa. Daga 50Hz zuwa 40Hz, kashi 64 ya rage. Famfon cikin rijiya da ke kai mita 60 ya koma mita 38, rijiyarka kuma 40 ce. Yana juyawa, yana cin wuta, yana zafi, ruwa ko ɗigo.

To tambaya: wane ɓangare na wannan matsalar ke hana ka barci? Idan siffar fiffiken famfo ce, da yadda yashi ke cinye shi, da yadda za a tsara shi ya yi aiki a gudu daban-daban, kai ɗan makanikal ne. Idan yadda inbata ke bin ƙololuwar ƙarfin fanel ne, da sarrafa moto mai maganaɗisun dindindin ba tare da sensa a cikin rijiya ba, to ilektirikal ke kiranka.

Ɗan_Dawanau: Allah ya saka, Yaya. Gaskiya ɓangaren inbata da sarrafa moto ya fi jan hankalina. Amma kwas biyu kacal na lantarki aka yi mana a digiri na farko. Me zan rasa in na tsallaka?

Injiniya_Ummi: Abu huɗu ne giɓin: nazarin da'ira mai zurfi, sigina da tsare-tsare wato Laplace da Fourier da Z, injunan lantarki har da juyin dq, sai lantarkin sarrafa ƙarfi. Ilimin kwanturol kana da rabinsa, don lissafin sifirin da nauyi da damfa shi ne lissafin kwayil da kafasito da rizisto, haruffa ne suka sauya. Mai himma zai cike giɓin cikin wata takwas zuwa shekara. Abin da littafi ba ya bayarwa shi ne hannu. Kurakuran sabon shiga sanannu ne. Ya manta ya bar ɗan tazarar lokaci tsakanin kashe MOSFET (makunnin lantarki da ke cikin inbata) na sama da kunna na ƙasa, su kunnu tare, wutar DC ta haɗe kai tsaye, su fashe. Ko ya maƙala wayar ƙasa ta osiloskof a wurin da ke da bolt 300, alhali wayar a haɗe take da ƙasan soket, ya ƙona allon da na'urar gaba ɗaya. Wurin nan furob na musamman mai auna bambanci ake sawa. Ko ya kashe wuta ya kai hannu, kafasito yana riƙe da cajinsa saboda ba a sa masa rizistan sauke caji ba. Ko ya ja layukan allo da tsawo, da makunnan SiC ko GaN masu saurin kunnawa, boltej ya yi tsalle ya wuce ƙarfin na'urar. Duk wanda zai karɓe ka zai so ya ga ka taɓa gina wani abu ya yi aiki. Ka fara da ƙaramar kwanbata mai rage bolt 24 zuwa 12, wat 50, ka zana allon a KiCad, ka auna ingancinta, ka rubuta rahoto shafi uku. Wannan ya fi dogon bayani a wasiƙa.

Bakatsine_CFD: Kada a tsorata shi da makanikal kamar can babu lissafi mai tsada a kasuwa. Kuma ina so in ja hankali kan wani wuri da sassan biyu suka haɗu, wato sanyaya kayan lantarki. Kafasito mai ruwa, duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ransa biyu. Takardar da ke rufe wayar taransifoma, duk ƙarin digiri 6 a wuri mafi zafi yana ninka saurin tsufanta. Inbatocin da ake shigo da su, da yawa sun fara rage ƙarfi da kansu idan zafin wuri ya wuce 40 ko 45, kuma ɗakin batir mai rufin kwano a Maiduguri ko Sakkwato yana wuce haka. Batirin litiyom, cibiyoyin ajiyar bayanai, motocin lantarki, duk zafi ne babban abokin gabarsu. Mai digiri na uku a tafiyar zafi yana shiga kamfanin lantarki da takardar makanikal a hannunsa. Ka ga bai tsallaka ba, kuma ya isa inda kuɗin yake.

Mai_Sifana: Yauwa! Abin da nake ta son faɗa ke nan.

Bazazzagi_330kV: Ba shi ka faɗa ba, Malam, kai boris ka kawo mana.

Dakta_TudunWada: Tunda an zo nan, a yi maganar kayan aiki, don shi ke kashe digiri na uku a gida fiye da komai. Kafin ka cike fom, ka je sashen da ƙafarka. Ka tambayi masu kula da ɗakin gwaji, ba shugaban sashe ba: wace na'ura ce ke aiki yau, yaushe aka yi mata gyaran awo, wa ke sayen man janareta. Binciken kayan ƙira a makanikal yana buƙatar injin gwajin ja da matsi, madubin SEM mai ƙara girman samfur, da na'urar XRD mai gano tsarin cikinsa. In babu, samfur za ka riƙa aikawa wani gari kana biya kowane guda, kana jiran layi. A ilektirikal, nazarin tsarin wuta yana tafiya da kwamfuta da manhaja irin PowerFactory ko PSCAD ko Simulink, shi ya sa ya fi sauƙin gamawa a gida. Amma ƙera cif ba ya yiwuwa sai da manhajar zane irin Cadence da kuɗin buga samfur a waje, kada ma ka fara.

Sannan kowane sashe yana da ramin da ɗalibai ke faɗawa. A ilektirikal: a ɗauko sabuwar dabarar lissafi mai sunan dabba, a ɗora a kan samfurin layin wuta na gwaji mai mahaɗa 33 na IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki, a ce asara ta ragu da kashi kaza. An yi irinsa ba adadi, manyan mujallun IEEE ba sa ko aika shi wurin masu dubawa. Abin da ke da daraja shi ne bayanan layin raba wuta na gaske daga kamfanin raba wuta, lodin awa-awa na shekara guda, da tsawon waya da girmanta. Samun wannan yana cin watanni da takardu, don haka ka nemi izini a rubuce kafin ka kare shawarar bincike. A makanikal kuma: a ƙona ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi, a zuba tokar cikin narkakken alminiyom, a gauraya, a gwada tauri. Sai a sauya ɓawon a ce sabon bincike ne. Ba a auna ramukan iska a cikin samfur, ba a maimaita gwaji, ba a bayyana dalilin sakamakon.

Bakatsine_CFD: Namu ramin, mu masu lissafin gudun ruwa da iska a kwamfuta (CFD), shi ne hoto mai launi. Mutum ya kunna manhajar Fluent, ya fito da ja da shuɗi, ya ce ya gama. Mai jarrabawa zai yi tambaya uku: ka ninka yawan ƙwayoyin ragar da aka raba zanen da ita ka ga sakamako bai sauya ba? Ƙimar y+ a jikin bango ta dace da samfurin hargitsin da ka zaɓa? Da wane gwaji na zahiri ka gwada lissafin? In babu amsa, aikin ya rushe. Ta fuskar kuɗi, OpenFOAM kyauta ne amma sai ka iya Linux. Nau'in ɗalibai na ANSYS yana da iyakar ƙwayoyi, ba ya ɗaukar aikin dakta. Ka ƙiyasta gigabait 1 zuwa 2 na RAM ga kowace ƙwaya miliyan ɗaya. Laftof mai gigabait 8 ba za ta kai ka ko'ina ba, ga ɗauke wuta a tsakiyar lissafin kwana uku. Ka saita ajiyar kai-da-kai duk bayan zagaye ɗari.

Hajiya_Laraba: Ku yi haƙuri in katse ku. Yaron nan ya ce tallafi yake nema, har yanzu ba wanda ya taɓa wannan.

Baƙon_Turai: Gaskiyarki, Hajiya. Tsarin ya bambanta ƙasa zuwa ƙasa, kuma bambancin ya shafi tambayar tsallakawa kai tsaye.

A Jamus, Holan da Suwidin, ɗalibin dakta a injiniyanci yawanci ma'aikaci ne. Ana tallata gurbi kamar kowane aiki, da albashi. A Jamus matakin albashin shi ne E13, kuma a injiniyanci sau da yawa cikakke ake biya. Ba ruwansu sosai da sunan sashenka, abin da suke dubawa shi ne ko ka iya abin da aikin ke so daga ranar farko. Sai dai babu kwasa-kwasan cike giɓi, don haka mai tsallakawa ba tare da shaida ba yana shan kaye a hannun wanda ya yi mastas a fannin. Jami'ar Aalborg a Denmark da RWTH Aachen a Jamus sun yi suna a lantarkin sarrafa ƙarfi. A Holan kuma ASML da ke Veldhoven, mai ƙera injunan buga cif, tana ɗaukar 'yan makanikal da mekatironiks da yawa, saboda matsalarta ta daidaiton motsi ce da zafi da jijjiga.

A Amurka shekara biyar ce galibi, biyun farko da kwasa-kwasai da jarrabawar cancanta. Nan ne tsallakawa ta fi sauƙi, don za a ba ka lokacin cike giɓi. Kuɗin yana zuwa ta aikin taimaka wa farfesa a bincike ko koyarwa. Ana rufe karɓar takardu a Disamba zuwa Janairu don shiga a Agusta. Bayan gamawa akwai izinin aiki na wata 12 da ƙarin wata 24 ga fannonin kimiyya da injiniyanci. Abu biyu za ka lura: ayyukan jiragen sama da na tsaro, inda 'yan makanikal da yawa ke samun aiki, dokar ITAR ta rufe yawancinsu ga baƙi. Sannan dokokin biza ga 'yan Najeriya sun tsananta, ka bincika halin da ake ciki kafin ka kashe kuɗin fom da jarrabawa.

A Ingila shekara uku zuwa huɗu ce, bincike tsantsa, kuma sassan biyu suna buƙatar takardar ATAS, ta izinin karanta fannin, kafin biza, tana ɗaukar makonni, ka nema da wuri. Kuɗin makaranta na baƙi yana da nauyi, sai da mai ɗaukar nauyi.

Dakta_TudunWada: In ƙara a kan na Baƙo. PTDF, asusun tallafin karatu na fannin man fetur, tana son shawarar bincike da ta shafi mai, gas da makamashi, nan makanikal ya fi samun sauƙin shiga: bututu, tsatsa, kwamfaresa, tarbain. Ɗan ilektirikal sai ya ɗaura aikinsa da makamashi ko sarrafa na'urorin masana'antar. TETFund ta malaman da ke kan aiki ce a manyan makarantun gwamnati, ta hannun makarantarsu, wanda ba ma'aikaci ba ba ya ciki. Kada a manta da Saudiyya: KFUPM a Dhahran da KAUST a Thuwal suna ɗauke kuɗin makaranta, su ba da masauki da alawus, kuma sassan biyu suna da ƙarfi a can. A gida kuma yawancin jami'o'i suna neman maki 3.5 bisa 5 a mastas ko sama, mafi ƙarancin lokaci shekara uku, amma ka sa a ranka zai iya wucewa.

Ɗan_Damagaram: Sannunku 'yan uwa. A wajenmu tsarin Faransa wannan rabuwa ba ta yi tsanani haka ba, akwai fannin elektiromekanik da ya haɗa biyun tun daga tushe, kuma masana'antu irin matatar SORAZ da kamfanin NIGELEC suna son irinsu. Digiri na uku shekara uku ne bayan mastas. Wanda ke jin Faransanci, akwai tsarin CIFRE a Faransa, inda kamfani ke ɗaukar ɗalibin dakta aiki na shekara uku yana bincike tare da jami'a. Wannan yana magance matsalar da Bazazzagi ya kawo da farko, ta fitowa babu gogewa.

Sadauki_92: To wai wanne ya fi albashi? Ku faɗa mana a taƙaice.

Baƙon_Turai: A waje, masu zanen cif, sigina da sadarwa sukan fi samun albashi, saboda kamfanonin fasaha ne ke ɗaukarsu. Amma wannan reshe ɗaya ne na ilektirikal, kuma shi ne mafi nisa daga inda Ɗan_Dawanau yake tsaye. Mai tsarin wuta da mai tafiyar zafi ba su da wata tazara ta a zo a gani. A jami'ar gwamnati a gida kuwa albashin lakcara ɗaya ne ko me ka karanta.

Bazazzagi_330kV: Amma aikin gefe ba ɗaya ba ne. Ɗan ilektirikal mai rajista yana zana wayarin gini, yana tsara sola ga asibitoci da makarantu, yana duba ingancin wuta a masana'anta. Jarin farawa kaɗan ne: mita mai matse waya, na'urar gwajin rufin waya, da laftof.

Mai_Sifana: Shi ma ɗan makanikal yana zana tsarin sanyaya gini, famfunan kashe gobara, ɗakunan sanyi na tumatir da nama, injunan casar shinkafa. Ka zaga Sharaɗa da Challawa da Bompai ka ga wa ake nema idan tukunyar tururi ta ƙi.

Hajiya_Laraba: Kun koma gidan jiya. Dakta, yaya ake gane sufabaiza na kirki? Ina jin wannan ya fi sunan sashe tasiri.

Dakta_TudunWada: Ya fi kam. Ka buɗe shafinsa a Google Scholar, ka duba shekara uku na baya kawai. Yana wallafawa? A waɗanne mujallu, suna cikin jerin mujallun da aka tantance na Scopus, ko irin masu karɓar kuɗi su buga cikin mako guda ne? Sunan ɗalibansa ne a farko ko kullum nasa? Sai ka nemi ɗalibai biyu da suka gama a hannunsa da ɗaya da ke ciki yanzu, ka tambaye su: shekara nawa suka yi, kwana nawa babi ke yi a teburinsa, ina suke aiki yanzu. Ka duba shekarunsa, farfesa yana ritaya a 70, kada ka shiga hannun wanda saura masa shekara biyu ba tare da mataimaki tsayayye ba. Idan na waje ne, ka tambaya a rubuce: kuɗin na shekara nawa ne, daga wane aiki, me zai faru in ya ƙare kafin ka gama.

Wasiƙar farko kuma kada ta wuce sakin layi uku. Na farko, kai wane ne da abin da ka yi, da adadi. Na biyu, wace maƙalarsa ka karanta, da tambaya ɗaya ta gaske a kanta. Na uku, ko yana da gurbi. Ka haɗa takardar tarihin karatu shafi biyu da sakamako. Wasiƙa guda da aka aika wa mutum hamsin ana gane ta daga layin farko. Ka kuma nemi tiranskirif ɗinka tun yanzu, yana iya cin watanni kafin ya fito.

Ɗan_Dawanau: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Abin da na fahimta, in koyarwa a gida ce, zama a makanikal ya fi aminci. To zai yiwu in yi rajista a makanikal amma aikin ya zama kan sarrafa moto da famfo tare, da sufabaiza na biyu daga ilektirikal?

Dakta_TudunWada: Zai yiwu, ana yi, kuma ita ce shawarata. Sharaɗi: taken kundin da babbar gudummawarsa su tsaya a makanikal, misali daidaita famfo da moto a gudu mai sauyawa, don mai jarrabawa na waje daga makanikal za a kawo. A rubuta sunan sufabaiza na biyu a takardar makarantar gaba da digiri tun farko, kada ya zama na fatar baki.

Injiniya_Ummi: Dakta, a nan ban bi ka ba. Ya ce inbata ke jan hankalinsa. In ya yi haka zai fito da rabin kowanne. Kamfanin da ke ƙera inbata zai tambaye shi ya zana da'irar tuƙa get, wato ƙafar da ke kunna MOSFET, ya lissafa asarar kunnawa da kashewa, ya tsara tace hayaniyar lantarki (EMI), kuma kundin famfo ba zai koya masa waɗannan ba. In da gaske yake, gara ya ƙara mastas na biyu a lantarkin sarrafa ƙarfi, shekara ɗaya zuwa biyu, sannan ya nemi gurbi mai albashi a Turai.

Bakatsine_CFD: Shekara biyu ƙari a kan huɗu, Injiniya Ummi. Ku tuna lissafin shekarun da aka yi a sama.

Injiniya_Ummi: Na tuna. Shi ya sa na ce ya gina kwanbatar nan ta wat 50 tukuna, kayanta ba su da tsada, mako shida ya isa. Ɗan_Dawanau, ka sayi MOSFET ɗin da yawa, aƙalla goma, don za ka ƙona wasu. Ka fara da wutar gwaji mai iyakance gudun wuta a amfiya ɗaya, ka duba siginar get a osiloskof kafin ka haɗa lodi. In ka gama ka turo hoton allon da sakamakon awon a nan mu duba.

Mai_Sifana: In ya turo, a auna zafin faifan alminiyom ɗin ma, a ga ko ba sai ya dawo wurinmu ba.